Busasshen Katakon da Kuka Buga wa Hatimi

Zuwa ga Manajan kamfanin jiƙa katako da maganin gara, Kafanchan.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Bitrus, kafinta ne ni a garin nan, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Na yi ta sintiri a ofishinka har maigadinku ya daina amsa gaisuwata, kullum ana ce mini ka tafi Kaduna. Tun da ƙofa ta ƙi buɗuwa, na kawo maganar fili, kowa ya ji.

Na farko, bari in tuna maka yadda muka haɗu. Lokacin da kuka kawo injinku da kuke kira maikurowef, kun tara mu kafintoci a farfajiyarku, kuka ba mu lemo. Kai da bakinka ka ce injin ɗan'uwan wanda masu hali ke ɗuma abinci da shi ne, sai dai shi katako yake ɗumawa. Ka ce yana buɗe ƙananan hanyoyi a cikin itace, ta yadda in an tsoma shi a maganin gara, maganin zai ratsa har zuciyarsa. Ka ce rufin da aka yi da irinsa jikoki ma za su gada. Na yarda da kai, domin wanda gara ta taɓa kunyata shi a gaban mai aiki ba ya wasa da irin wannan albishir.

Na biyu. Gidana yana cikin waɗanda wuta ta ci a rikicin da ya auku a garin nan. Shekaru muka yi a ɗakin haya ni da matata Saratu, ina tara bulo, ita tana noman citta, har muka ta da bango. Na sayo katakon itacen malaina daga wajen Kagarko, wanda zai isa rufin gidana da na wani aji a makarantar unguwarmu, wanda iyayen yara suka ba ni aikinsa. Sai na yi abin da kowane kafintan kirki ke yi a ƙasar nan: na jera katakon a inuwa, na sa ƙananan itatuwa a tsakani don iska ta ratsa, na bar shi rani guda yana bushewa. A wurinmu abin kunya ne a kama ka da ɗanyen katako. Mahaifina ya sha cewa mai rufi da ɗanye bai gama aiki ba, ya dai ɗaga ranar kuka ne. Da alfahari na kawo muku shi, busasshe ƙayau. Kuka karɓa, kuka sa a inji, kuka tsoma a magani, ya fito kore shar, kuka buga wa kowane guda hatiminku. Da shi na yi rufin gidana da na ajin.

Na uku, abin da ya biyo baya. Daminar bara, wata rana da la'asar, aka yi ruwa da iska, ba ma irin mai tsanani ba. Saratu tana tsakar ɗaki tana tsince citta. Babban katakon da ke riƙe da rufin ya karye a tsakiya, ya sauko mata a baya tare da kwano. Maƙwabcinmu Malam Jauro, mai kawo mana nono, shi ya fara shiga, shi da ni muka ɗaga katakon. Bai yi nauyin da ya kamata ba, ranka ya daɗe. A hannuna na ji haka. Saratu ta rayu, amma har yau ba ta taka ƙasa ba. Matar da ke tafiya gona da ƙafa ta dawo da buhu a ka, yanzu ni nake juya ta a kan tabarma. Ba ta taɓa ce mini laifina ne ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Da na sa zarto na yanka katakon, koren maganin bai wuce kaurin farce ba. Ciki duk ƙasar gara ce.

Na huɗu, kuma nan ne zuciyata ke tafasa. Wani ma'aikacinku, wanda ba zan faɗi sunansa ba don yana da 'ya'ya, ya bayyana mini yadda injin ke aiki. Ruwan da ke cikin itacen shi injin ke tafasawa, tururin ne ke fasa hanyoyin da magani zai bi. Katakon da ya bushe ba shi da abin tafasawa, ɗumi kawai zai yi ya fito yadda ya shiga. Ashe ɗanye kuke buƙata! Ya ce ranar da na kawo nawa ya faɗa maka, ka ce masa a wuce da shi haka, kada a kore kwastoma. Kun san al'adarmu sarai, kun san duk kafintan da ya san hannunsa busasshe zai kawo. Kalma ɗaya ta isa a wannan taron da kuka ba mu lemo. Da kun faɗa, da na shafe shi da baƙin mai yadda muka saba, ina duba shi duk shekara. Hatiminku ne ya sa na kwanta na saki jiki.

Ban rubuto don a biya ni ba. Babu abin da ke cikin aljihunka da zai ta da Saratu. Na rubuto ne saboda wancan ajin. Katako ɗaya ne, rana ɗaya aka jiƙa su. Na hau na ƙwanƙwasa, yana amsawa kamar ganga. Na roƙi hedimasta ya fitar da yaran ko ƙarƙashin mangwaro ne, ya nuna mini hatiminku, ya ce shi ba zai sauke rufin da kamfani ya tabbatar ba saboda maganar mutumin da baƙin ciki ya taɓa. Ban ga laifinsa sosai ba. Ku ya yarda da ku, kamar yadda na yi.

Don haka ina roƙonka abu biyu. Ka zo makarantar da ƙafarka, ka faɗa wa hedimasta da iyaye cewa hatimin nan bai tabbatar da komai ba, ni zan sauke rufin da hannuna. Sannan ka kira duk kafintan da ya taɓa kawo muku busasshen katako ka gaya masa gaskiya, domin ba ni kaɗai aka haifa a gidan kafinta ba.

Hadari ya fara haɗuwa ta wajen duwatsun Kagoro. Yaran ajin nan 'yan aji ɗaya ne, ƙanana, kuma a ƙasa suke zama, ƙarƙashin babban katakon, kamar yadda Saratu ta zauna.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya tsare 'ya'yanka a duk rufin da suka shiga ƙarƙashinsa, ya kuma ba ka zuciyar zuwa kafin ruwan farko.

Wassalam.

Naka,
Bitrus kafinta,
Kafanchan.