Tikitin Ango, Zuwa da Dawowa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwar da ta haife ta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da haske da yalwa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwoyina ne kawai suka fara yi mini gardama, kamar yadda naki suka yi miki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, shekaranjiya autata Rabi ta kira ni a waya. Ba ki san ta ba, bayanki aka haife ta. Za ta hau jirgin sama da ɗanta da bai cika shekara biyu ba, wai in ba ta shawara: ta saya masa kujerarsa, ko ta riƙe shi a cinya a rage mata kuɗi? Tana yi tana dariya, wai ni ce tsohuwar matafiya. Na ce mata miyata za ta ƙone, na kashe wayar. Babu miyar da ke kan wuta.

Ke kaɗai za ki gane dalili, don ke ce kike tsaye kusa da ni ranar da aka fara yi mini wannan tambayar.

Ɗana na fari nake nufi. Sunan surukina aka sa masa, Isuhu, sai kunyar ta zama biyu. Ban taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" nake cewa. In ya faɗi a gaban mutane, kau da kai nake yi. Yaran yanzu da za su karanta wannan za su ce wace irin uwa ce wannan. To, irin wadda aka yi mana tarbiyya ce. Ranar suna da kika kama ni ina leƙen fuskarsa, dungure mini kai kika yi, kika ce, "Ke, kar ki ja mana abin faɗa a Madarumfa."

Ina yaye shi kika ɗauke shi zuwa gidanki na bakin tabki. "Angona" kike kiransa. Ke ke zare masa ƙayar kifi da yatsa, ke ke hura masa kunu a ɗan ludayinsa, a bayanki yake barci. In na zo gaishe ki sai ya ɓuya bayan zanenki yana leƙo ni da ido ɗaya, ke kuma kina tsokanarsa wai ga kishiyarki ta zo. Bai san ni ba, kuma a lokacin duk muna ganin haka ya dace.

Sai ƙyanda ta shigo gari, daminar da ta biyo bayan babbar yunwar nan. Ƙyandar ta sake shi, amma ta bar masa zawo. Ƙafafu suka kumbura, gashi ya yi ja, yaron da ke bin agwagi da gudu ya koma sai an zaunar da shi. Muka kai shi Maraɗi. Likita ya duba, ya ce abin ya fi ƙarfin nan, a kai shi Yamai da gaggawa, kuma ba a mota ba, don ruwa ya ɓata hanya, kwana biyu a bayan babbar mota ba zai kai ba. Ya ƙara da magana ɗaya da har yau take kunnena: magani akwai, amma sai yaron yana ci.

Ni da ke mun san daga hannun wa yake ci. Shi ya sa aka ƙulla tafiya mu uku, ke don ki ba shi abinci, ni don na yi lakwal, makarantar boko, ina jin Faransanci. Babansa yana koyarwa can arewa, ba a ba shi izinin tahowa ba, ya aiko da abin da ke hannunsa. Ke kuma kika sayar da saniyar nan ɗaya da ta tsira daga yunwa. Ko kallonta ba ki yi ba da ake jan ta.

Kin tuna biron masu jirgi, inda ake yankar tikiti? Ke da ba ki taɓa shiga irin wurin ba, a bakin ƙofa kika tuɓe takalmi. Mai yankar tikitin saurayi ne mai fara'a. Da Faransanci ya yi mini bayani. Yaron da bai cika shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi, ɗan abu kaɗan ake biya. Wanda ya cika, dole a ba shi kujerarsa, a biya rabin kuɗin babba. Abin da ke ƙulle a bakin zanena ya ishi manya biyu da ɗan cinya, zuwa da dawowa. Bai ishi manya biyu da rabin kujera ba.

Ya kalli yaron a bayanki, ciwo ya tsotse shi ya koma kamar ɗan shekara guda. Takardar haihuwa babu. Ya ɗora alƙalami a kan takarda, ya juya harshe zuwa Hausa, ya dube ni ya ce a hankali, "Madam, ai bai cika biyu ba, ko?"

Wallahi na gane, Inna. Bawan Allah nan hanya ya buɗe mana. "I" kawai zan ce. Amma ga ki tsaye a gefena, ga dattawan garinmu biyu a layi bayanmu, kuma uwa ba ta sanin shekarun ɗan fari a gaban mutane. Na sunkuyar da kai, na ja mayafi.

Ke kuwa kika karɓe, da ƙarfi, har da ɗaga kai. "Wa, angona? Shekara biyu da wata huɗu, da bazara aka haife shi. Ciwo ne ya mayar da shi haka, da ka gan shi da gudu!" Alfahari kike yi da shi, ba ki san me ake aunawa ba. Baturen da ke shugabantar wurin yana tsaye a baya, kuma yana jin Hausa sarai. Saurayin ya sauke numfashi, ya rubuta abin da kika faɗa.

Duk da haka bai haƙura ba. Ya ce to a yanka mana na tafiya kaɗai mu uku, in ya so mu nemi hanyar dawowa daga baya. Kika daka tsalle kamar kin taka wuta. "Allah ya sawwaƙe! A yanka wa mara lafiya na tafiya kaɗai? Ba da bakina za a yi masa wannan mugun fata ba. Zuwa da dawowa za a yanka masa." Sannan kika dube ni, kika ce in tafi ni da shi, ke ki zauna, tunda ni ke jin Faransanci. Nan ma ban ce uffan ba, don maganar ɗan fari ce.

A waje, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, na fayyace miki abin da saurayin ya so yi mana. Kika dube ni, kika ce, "Ke kuwa me ya hana ki taka mini ƙafa?" Inna, bari in faɗa miki gaskiya yau, na ji haushinki. Shekara da shekaru kina koya mini in yi shiru a kansa, ranar da na yi shirun kuma kina tambayata ina bakina. Haushin nan na ɗauke shi har na yi furfura. Amma wanda nake ji na kaina ya fi shi nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya aka bar mini in zaɓa, wurin zama. Saurayin ya ce gaba ya fi rashin jijjiga. Na ce gaban, kuma a ba yaron ta bakin taga, wai ko ya hango tabki daga sama ya yi shiru. Dubi wauta, kamar yaron da ko kansa ba ya iya riƙewa kallo ya dame shi.

Washegari da hantsi a filin jirgi kika kwance shi yana barci, kika ɗora mini shi a baya, kika gyara majanyi da hannunki. Kika miƙo mini gorar kunu da ɗan ludayinsa. Kika ce in hura sau uku, in fara ɗanɗanawa yana gani, in ce ango ya sha amarya ta sha saura. Sau biyu kika sa na maimaita. Ba ki yi kuka ba.

Abin da babu wanda ya gaya mana, ba a zama a kujerar jirgi da goyo. Muna shiga ma'aikaciyar jirgin ta ce in sauke shi. Ina kwance majanyi ya farka. Na zaunar da shi a kujerar tasa, aka ɗaure shi da ɗamarar da ta yi masa yawa, injin ya tashi da rugugi, shi kuma ya tsandara ihu yana kiran sunanki. Na zauna ƙiƙam, hannuwana a cinya, ban san inda zan taɓa shi ba. Mutane suna ta waiwayowa. Da jirgin ya daidaita a sama, wani Alhaji a gefe ya ce, "Haba baiwar Allah, ɗauki ɗanki mana." Babu wanda ya taɓa ce mini ɗanki ido da ido sai ranar.

Na ɗauke shi. Bai fi nauyin ƙwaryar gero ba. Ya sa hannu biyu yana ture ƙirjina. Na kai baki kunnensa, na kira sunan da ban taɓa kira ba, na ce Isuhu. Ko gezau, bai san da shi ake ba. Na ce Ango. Nan take ya yi tsit, ya juya kai hagu da dama yana neman ki. Da bai gan ki ba, kukan da ya dawo ya fi na farko. Kujerar da muka biya rabin kuɗi, wadda ta hana ki tafiya, babu kowa a kanta har muka sauka.

A sama ne kuma hannuna ya taɓa ƙullin da ke bakin zanena, ragowar kuɗin da muka ce na magani ne. Sai lissafin ya faɗo mini. Nasa da nawa na zuwa da dawowa ne, babu mugun fata. Ragowar nan kuwa ta isa ta yanka miki ke na tafiya kaɗai. Kina can ƙasa a bakin shinge, kuɗin kujerarki yana ƙuguna. Na ji kamar in buga ƙofar in ce a tsaya. Jirgi ba motar kasuwa ba ne.

Muna isa na buga tangaraho zuwa Madarumfa, na aika da kuɗin ta gidan waya, na ce ki biyo jirgi na gaba. Saƙon ya iso hannunki kwana biyu bayan na dawo gida.

Kwana shida muka yi a asibitin. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin da zan ce da su sai godiya. Rana ta shida da hantsi, yana kan cinyata, Allah ya karɓi abinsa. Dangin matar da ke gadon kusa da namu su suka yi masa sutura, Allah ya saka musu. A garin babu wanda ya san ɗan fari ne, don haka na yi kuka da murya, na yi birgima a ƙasa, babu mai dungure mini kai.

Da dawowa ban iya zuwa biro in ce a soke nasa ba. Aka ba ni wurin da na zaɓa, gaba, ga tasa a bakin taga. Wani ɗan kasuwa ya zo zai ajiye jakarsa a kai, na ɗora tafin hannuna a kujerar, na ƙi ɗagawa. Ya dube ni, ya ɗauke jakarsa. Haka na taho tun daga Yamai har Maraɗi.

Daga kan matakala na hango ki a bakin shinge. Daga baya aka gaya mini duk ranar saukar jirgi sai kin zo tun daga Madarumfa, da ƙwaryar fura a lulluɓe. Ba ki kalli fuskata ba. Bayana kika kalla. Sai kika durƙusa, kika ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali, don kar ta zube.

A motar komawa gida tambaya biyu kika yi mini, ba ki ƙara ba har kika bar duniya. Kika ce, "Ya ci?" Na ce ya ci. Kika ce, "Ya neme ni?" Na ce a'a, barci ya yi ta yi. Kika ce alhamdulillahi, kika juya kina kallon gonaki.

Ƙarya na yi miki, Inna. Bai ci ba. Na hura sau uku, na ɗanɗana yana gani, na faɗi abin da kika koya mini har ina kwaikwayon muryarki. Ya datse haƙora, ya juya fuska bango. An zura masa roba ta hanci, ya fizge, an mayar, ya fizge. Kuma bai yi barci ba. Ke ya yi ta kira, dare da rana, har muryarsa ta dushe, har ya zama leɓensa kawai ke motsi. Ina zaune ina kallo, da ludayi a hannu.

Na ce in na gaya miki ba za ki ƙara cin abinci ba ke ma, shi ya sa na haɗiye. Ki yafe mini ƙaryar, ki yafe mini shirun. Ni ma na yafe miki, yau na faɗa da bakina.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya sa yana cikin masu cetonmu ranar gobe. Ya Ubangiji ka haɗa su wuri ɗaya, ka sa ni a cikinsu in lokacina ya yi. In kuma kun riga kun haɗu, Inna, don Allah ki ba shi wani abu ya ci. Da yunwa ya tafi.

Wassalam.

Ɗiyarki,
Dije