Baƙi da Rawayan Baba Emeka

Daren Laraba, Samaru

Yau na je shagon Baba Emeka a Sabon Gari, har yanzu raina bai kwanta ba. Shi ne telan farko da ya karɓi manhajarmu ta ajiye awon kwastomomi. Ya zaɓi baƙin shafi mai rubutu rawaya, don launin nan kaɗai idonsa ke gani sosai.

Makon jiya Oga Sadiq, shugabana a wurin aiki, ya sa na goge tsofaffin launuka, wai sun yi ƙauyanci. Na tsara duk wanda nasa ya ɓace ya faɗa farin shafi mai shuɗin rubutu, ko sanarwa babu. Har daɗi na ji da komai ya tafi lafiya.

A farin shafin nan Baba ya karanta awo ba daidai ba, ya yanka leshin wata amarya, ya yi mata kaɗan.

Na kira Oga daga bakin shagon. Ya ce, "Ba za mu koma baya saboda mutum ɗaya ba. Ki ce ya sayi tabarau."

Tsohon launin yana nan a kwamfutata. Amma ba na iya ɗora komai a manhajar sai da izinin Oga, kuma ba ni da wani aikin.

Da zan tafi Baba ya ce, "'Yata, kar ki damu, idona ne ya tsufa."

Gobe ma zai buɗe farin shafin nan, da almakashi a hannu.