Jirgin Azurfa Mai Fiffike

Zuwa ga Lambros, sanyin idona, gishirin rayuwata, iskar bazarar da ke buɗe min taga, mijina kuma abin tinƙahona a gaban matan tsibirinmu na Andros,

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin tanda har burodina ya ƙone. Ka ce manya sun yi maka tayin babban jirgin ruwan yaƙi da gida a birnin Atina, muddin ka daina damun su da zancen makarantar matuƙan jirgin sama. Ka ce za ka karɓa saboda ni, don in daina firgita duk sanda na ji ƙarar inji. Haba, masoyina, yaushe na roƙe ka wannan? A wane bakin ka ji cewa Argiro tana son a karya maka fiffike don ta samu barci?

Ka manta ranar da ka fara sauka a bakin ruwan garinmu? Kana ƙaramin hafsan sojan ruwa, abin hawanka jirgin sama mai sauka a kan ruwa, duk katako ne da yadi da waya, yana tari kamar tsohon jaki. Masunta suka watse, Goggo Marigo ta durƙusa tana addu'a, ni kuwa ina kan rufin gidanmu da jiƙaƙƙen zanin gado a hannu, na manta da igiyar shanya. Ka fito fuskarka baƙi ƙirin da mai, kana dariya. Tun ranar zuciyata ta bi ka, ko sallama ba ta yi min ba.

Na ji zafin laƙabin Kyaftin Agwagwa da suka liƙa maka a teburin hafsoshi. Na ga abokan karatunka sun wuce ka a muƙami, kai kana rumfar kwano kana fama da masu koyon tuƙi. Ni na yi jinyar karyayyar ƙafarka, kana kwance kana kwatanta min da hannu yadda iska ke ɗaukar fiffike, miyarka tana hucewa. Kuma na ga shekarar yaƙi, da ka hango jiragen ruwan abokan gaba daga sama tun ba su ɓullo ta bayan tsibiri ba, 'ya'yan mutane suka koma gida da ransu, masu kiranka Agwagwa suka koma murza gashin baki. Wace mace ce za ta ga wannan ba ta ɗaga kai ba?

To ji amsata. Ka san kowace matar ɗan teku a garin nan tana da ɗan jirgin ruwa na azurfa a rataye a coci gaban hoton Waliyyi Nikolas, don ya tsare mata miji. Ni kaɗai ce ban taɓa rataya komai ba, don ban san me zan kai ba. Washegarin wasiƙarka na cire 'yan kunnena na azurfa, na aure, na kai wa Stamatis maƙeri, na zana masa abin da nake so. Ya duba, ya ce, "Matar Kyaftin, wannan kwale-kwale ne ko fara?" Na ce ya ƙera kwale-kwale, ya sa masa fiffiken fara.

Da na kai coci, Fada Yerasimos ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ce, "'Yata, Nikolas na ruwa ne. Hau dutse ki kai cocin Annabi Iliya, shi ne mai harkar sama." Na ce, "Fada, daga ruwa yake tashi, a ruwa yake sauka. Iliya ya kula da tsakiyar." Ya yi dariya har gemunsa na rawa, ya taka kujera ya rataye shi da hannunsa, sama da duk jiragen garin. Ka kuma san abin da aka ba waliyyi ba a karɓo shi.

Ina jin tsoro, ruhina, ba zan ɓoye maka ba. Duk ƙarar da ta ratso sama sai in ga gadonmu ya yi min faɗi kamar teku. Amma akwai abin da na fi tsoro: in gan ka da anini reras a kafaɗa, kana tsaye a kan jirgin ƙarfe, kana bin wasu da ido suna ratsa gajimare, ka dawo gida ka zauna min shiru a bakin tebur. Wannan mutumin ban san shi ba, kuma ba shi na aura ba.

Ka mayar musu da jirginsu. Ka ci gaba da buga musu ƙofa har sai sun buɗe makarantar nan. In za ka zo bikin Ista, kada ka neme ni a tashar ruwa cikin matan da ke jiran jirgin fasinja. Ina kan rufi, kunnuwana babu azurfa, da zanin gado a hannu, ina kallon sama.

Taka ni kaɗai, a ruwa ko a sama, har ranar da za a rufe min ido,
Argiro, matar Kyaftin Agwagwa