Ɓular Tsakiyar Laima

Gyadi-Gyadi, Kano
6 ga Oktoba

Zuwa ga Malam Maje,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya aikin hanya, yaya sanyin Gembu, yaya kuma ƙafar nan da ke damunka? Tunda waya ta ƙi shiga dajin naku, ga takarda ta hannun Audu direba. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun ya fi sabawa da almakashi.

'Yarka ta shigo mini da aikin da ban taɓa yin irinsa ba tun da na hau keken ɗinki. Ashe a jami'arsu akwai wani malami, Dakta Bulus, da ke shirya ɗalibai don gasar harba roka. Ba irin ta yaƙi ba, kada hankalinka ya tashi. Wani dogon bututu ne mai tsinin kai, ya ɗan fi ka tsawo, ana kunna shi ta ƙasa ya yi sama har ya ɓace wa ido. Ya kasa su ƙungiya uku, kowacce da rokarta, kuma ɗaya kacal zai kai gasar. Duk Asabar suna garejin gidansa a Tarauni, su wuni suna yanka da goge-goge.

Abin da ya ɗaure mini kai, wai ba tashin ne wahalar ba, dawowar ce. Dole rokar ta sauko ba ta fashe ba. Don haka ake cusa mata laima irin ta sojojin sama, in ta ƙure tashinta laimar ta fito ta buɗe, ta sauko da ita a hankali. A ƙungiyarsu 'yarka ce mai kula da laimar. Sauran biyun saye suka yi, ita kuwa ta ce a gida za a ɗinka tasu, ai tana da tela.

Ka san ba daga bakinta na ji wannan ba. Ƙawarta Precious ce, 'yar gidan malaman makarantar nan na Tarauni, take zama kusa da keke tana ba ni labari, 'yarka kuwa tana gefe tana lissafi a takarda. Ka sha yi mini tsiya kan kunyar 'yar fari, wai zamani ya wuce ta. To ni haka na tashi. Innata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah, ni ma shekara ashirin da ɗaya ban kira na wannan ba, balle in zauna ina yi mata tambayoyi kamar sa'ata. Amma wallahi tambayoyin sun cika mini ciki. Me ke gaya wa laimar lokacin fita ya yi? Wa ke can sama da zai ja igiya?

Yadin nailan ne mai santsi, ja da ruwan ɗorawa, yana zillewa ƙarƙashin allura kamar kifi. Su suka yanka shi falle takwas, nawa aikin haɗawa ne da kafa igiyoyi. Sai da na karya allura biyu kafin na gane halinsa.

Yara suna gaishe ka, 'yarka ma tana gaishe ka. Ka riƙa sa safa.

Matarka,
Iyatu

Gyadi-Gyadi, Kano
20 ga Oktoba

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi, kuma yajin da na aiko ya same ka. Mu lafiya lau muke, sai dai na yi ɓarna, ban san inda zan sa kaina ba.

Da na haɗa fallayen nan takwas, sai na ga ba su gamu a tsakiya ba. Ɓula ta rage a saman laimar, faɗinta kamar murfin ƙaramar tukunya. Na auna, na sake aunawa, ɗinkina daidai yake, na ce to yankansu ne ya gaza. Da yamma 'yarka da Precious suka shimfiɗa ta a tsakar gida suka dudduba, babu wadda ta ce uffan kan ɓular. Na ce a raina sun ga kuskurensu, kunya ce ta hana su magana. Precious ta nuna mini yadda ake naɗe ta a jaka, da suka ga naɗina ya fi nasu kyau sai suka bar mini, wai da safe za su ɗauka su wuce gwaji.

Ni kuwa ban taɓa sallamar kaya da ɓula ba. Na so in tambaya, maganar ta zo har bakina, sai na ga in na yi a gaban ƙawarta na kunyata ta ke nan, in kuma mu biyu ne, da wane bakin zan fara? Bayan sallar asuba na yanko ragowar jan yadin na yi mata faci, irin wanda sai ka ƙura ido za ka gan shi. Na naɗe na sa a jaka, har ina jin daɗi na rufa wa yarinya asiri ba ta sani ba.

A wani bene mai hawa biyar da ba a gama ginawa ba aka yi gwajin, can wajen Darmanawa. Ana ɗaura wa laima buhun yashi mai nauyin roka a sako daga sama, Dakta Bulus yana ƙasa da agogo. Precious ta ce na sauran sun sauko a miƙe. Tasu kuwa tana buɗewa ta kama lilo, ta yi nan ta yi can, har buhun ya bugi katanga ya fashe. Da aka shimfiɗa ta sai ga facina. Ashe da gangan aka bar ɓular.

Dakta ya tambaya wa ya toshe, 'yarka ta ce laifinta ne, ita ce mai laima. Ko sunana ba ta ambata ba. Ya ce za a sake gwaji ranar Asabar mai zuwa, in laimar ta ƙara faɗuwa ƙungiyarsu ta fita, aikin wata takwas na mutum shida ya tashi a banza. Ta dawo gida ta gaishe ni kamar kullum, ta ɗauki tsintsiya ta kama shara. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Kuma ka ji halina, duk da wannan baƙin cikin, abin da ke yawo a kaina shi ne yadda za a yi abu mai ɓula ya fi marar ɓula iya sauka. Ka taya mu da addu'a.

'Yarka tana gaishe ka.

Matarka,
Iyatu

Gyadi-Gyadi, Kano
27 ga Oktoba

Malam,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya abokan aiki? Na ga takardarka, kuma na ga inda ka yi mini dariya, ko da ka yi ƙoƙarin ɓoye ta cikin nasiha.

Na tambayi Precious amfanin ɓular. Yarinyar nan mai ladabi ta ƙi gaya mini. Ta ce ba ita ta lissafa faɗinta ba, mai lissafin tana ɗakin da ke kusa da nawa. Kwana biyu ina kewaye-kewaye. Ranar Talata da hantsi na sami 'yarka tana wanki, na tsaya a kanta ina kallon bango, na yi tambayar kamar da bangon nake.

Ba ta ɗago kai ba, ita ma ta san kunyar. Ta ɗauko ƙwarya ta kifa a kan ruwan baho, ta ce in danna ta ƙasa. Ina dannawa ta karkace, iska ta kufce ta gefe, ta koma ɗaya gefen. Sai ta ɗauko tsohuwar ƙwaryar nan mai huji da nake cewa a jefar, ta kifa. Na danna, ta nutse a miƙe, iskar tana fita ta sama a hankali. Ta ce haka laima take, in iska ba ta da ƙofar fita sai ta riƙa tserewa ta gefe-gefe, shi ne lilon. Malam, na danna ƙwaryar nan ya fi sau goma.

Daga nan bakina ya buɗe. Ashe wata 'yar na'ura ce kamar kwalin ashana a cikin rokar, ita ke jin an daina hawa, sai ta kunna ɗan garin albarushi ya tunkuɗo laimar waje. Ashe tsawon kowace igiya ma sai da ta lissafa. Har azahar muna bakin baho, wankin bai ƙare ba. Ban san haka kan yarinyar nan yake ba, a gidana ta girma amma ban sani ba.

Washegari na sa hijabi na tafi Tarauni na gaya wa Dakta Bulus cewa facin nawa ne. Ya yi dariya har da riƙe ƙofar gareji, ya ce bai taɓa ganin faci mai kyau da ya yi ɓarna irin wannan ba, amma sharaɗinsa yana nan. Na dawo na farke facin, na kalmashe bakin ɓular sau biyu, na bi shi da ɗinki layi uku. Jiya aka sake gwajin, buhun ya sauko a miƙe. Saura harbawa ta gaske, a nan za a zaɓi masu zuwa gasar.

Kowa yana gaishe ka, har da 'yarka.

Matarka,
Iyatu

Gyadi-Gyadi, Kano
10 ga Nuwamba

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Mu ma alhamdu lillahi. Jiya aka harba, kuma na je da ƙafata.

Wani fili ne a bayan gari da hukuma ta ba su izini, muka isa da sassafe kafin iska ta taso. Dakta ya gayyato alƙalai uku daga waje. Aka tsayar da mu nesa bayan igiya. Ka san ƙidaya suke yi da baya, daga goma zuwa ɗaya? Wannan ma sai na tambayi dalili.

Ta farko ta tashi lafiya, amma iska ta ja laimarta har cikin gonar dawa, aka daɗe ana nema. Ta biyu ta sauko da ƙarfi, fiffikenta ɗaya ya karye. Sai tamu. Ƙararta ta shiga mini har ƙirji, ta bar farin hayaƙi ta ɓace. Na tsaya da wuya a sama ina tuna duk inda allurata ta bi, ina tunanin ko akwai inda na yi sakaci. Can sai ga ɗan ɗigo ja, yana girma, yana girma, ba ya lilo ko kaɗan. Da ta matso har sararin sama na hango ta cikin ɓular. Ta ajiye rokar a ƙasa a hankali, kusa da inda ta tashi.

Aka kawo laimar gaban alƙalai. Wata dattijuwa a cikinsu ta juya ta, ta sa yatsa ta bi kalmasar, ta tambaya wa ya ɗinka. Precious ta nuna ni. Sai dattijuwar ta waiwayo ta tambaye ni, to wa ya lissafa faɗin ɓular, don ya yi daidai da nauyin rokar. 'Yarka tana tsaye a bayan abokanta, kanta a ƙasa, ba za ta ce ni ce ba. Da na ga dama da hannu kawai zan nuna ta. Amma ita da ta ɗauki laifina a gaban mutane, na ga bai kamata in bar ta da nuni ba. Na faɗi sunan, da ƙarfi yadda kowa zai ji, na ƙara da cewa 'yata ce ta fari.

Ta ɗago ta kalle ni. Ni ce wannan karon na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a hijabi.

Ƙungiyarsu aka zaɓa. Suna son laima ta biyu saboda ko-ta-kwana, gobe za mu fara yanka, ni da ita.

Yara suna gaishe ka. Hafsah tana gaishe ka.

Matarka,
Iyatu