Ranar da Zauren Majalisa Yake a Kulle

Litinin, 3 ga Maris
Rediyo ta ce majalisa na muhawara kan sabuwar doka: kada a sake tura soja ƙasar waje sai 'yan majalisa sun ɗaga hannu. Na kashe ta. Shekara talatin da ɗaya na yi ina buɗe musu ƙofar zauren nan kafin in yi ritaya, na ƙoshi da surutunsu.

Laraba, 5 ga Maris
Wata 'yar majalisa ta zo har gida. Wai masu ƙin dokar sun ce ba a buƙatarta, ai ko wancan yaƙin sai da majalisa ta zauna ran sha huɗu ga wata ta amince, ga shi a takarda. "Baba, an ce ba ka mantuwa. Ka zo majalisa ka ba da shaida." Na ce ranar da aka ba ni makulli na yi rantsuwa, mai gadin ƙofa ba shi da baki.

Alhamis, 6 ga Maris
Ran sha huɗun nan ba su zauna ba. Rufi ya yi yoyo, kujeru na baranda suna bushewa, makulli na aljihuna wuni guda. Bayan mako aka bi ofis-ofis da takarda ana sa hannu. Ni na riƙa kai ta. Ƙanena na cikin waɗanda aka tura yaƙin. Takalmansa kawai aka dawo mana da su.

Asabar, 8 ga Maris
'Yata ta zo. An ce rundunar mijinta su haɗa kaya. "Baba, ƙofar ce ta haifa maka jikoki?" Na ce ta iya bakinta. Ta share ɗakin, ta tafi ba sallama.

Lahadi, 9 ga Maris
Na gaji.

Talata, 11 ga Maris
Dogo, tsohon masinjanmu, ya leƙo. "Kai da ko aji ɗaya ba ka shiga ba, wa zai bar takarda mai hatimi ya saurare ka?" Na ce takardar ce ta kwashe ruwan yoyon da bokiti, ko ni?

Alhamis, 13 ga Maris
Na je majalisa. Haushin Dogo ne kawai. Sabon mai gadin ya tambaye ni wa nake nema. 'Yan majalisa suka ba ni kujera, na ce a tsaye na saba. Na faɗi yadda ranar ta kasance. Suka tambayi wanda ya kai takardar, na faɗi shi ma. Ƙuri'a sai gobe.

'Yata na bakin matakala. Ta kama mini hannu, ban fizge ba.