An Yanke Gindin Abara

Zuwa ga abokin jirgina Arzika,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wagga takarda ba. Ko kana raye ma ba ka iya karatu, ni ma haka. Malam Sanda na bakin kasuwa ke rubutawa, na kuma ce mashi ya sa magana yadda ta fito bakina, kada ya gyara mani.

Gida lafiya. Matarka Hajo ta fita takaba. Ɗiyarka ta Lafagu ta haihu namiji, an sa mashi sunanka. Baƙin ruwa, cikar kogin nan ta lokacin ɗari, ya zo da wuri bana, ya ci shinkafar mutanen Bahindi ta bakin fadama. Turawa sun ba da mulki, Faransawa ma sun bar wa mutanen Dahome nasu, an canja tuta a iyaka. Kogi dai inda ka bar shi yake bi.

Abin da ya sa na zauna gaban malam shi ne abara, babban jirginmu. Ɗanka Mamman ya dawo daga kudu da inji, ya ce sai an yanke gindin jirgi an daidaita shi kafin injin ya zauna. Na ce ba a yi. Ya ce, cikin ladabi, Baba ai goshi ne naka, gindi kuwa gadona ne. Na ce to ya yanke rabinshi ya tafi da shi, mu gani ko nawa rabin zai bi shi. Ka san ni. Haka abara ta kwana tudu damina guda.

Mutane sun ɗauka katako nake jin tausayi. Ba shi ba ne. Ka tuna yadda muke aiki? Ina goshi da gora, kana gindi da filafili. Idan na taɓa ƙasa in ce gora ta ci. Idan zurfi ya fi ƙarfinta in ce gora ta ɓace, ka san sauran aiki naka ne. Idan na ga ruwa na murɗawa bisa dutse in ce yana tafasa. Ba mu taɓa cewa dama ko hagu ba, don mai gora yakan juya, damarshi ta zama hagun na baya. Gaɓa muke kira, yadda Dandawa da Sarkawa ke yi: wannan Hausa, waccan Gurma. Kai kuma ba ka amsawa da baki. Filafili kake bugawa a jikin jirgi, in ji shi a tafin ƙafata, in san magana ta isa. To wa zai ji kira cikin kukan inji? Idan ba a ji, wa zai riƙe kalmomin? Ni kaɗai na rage da su a mashiginmu.

Rana ce ta raba gardama. Jirgi ba ya son tudu. Wata safiya na duba, na ga haske ta cikin tsaga a haƙarƙarin abara, har yatsana na shiga. In na ci gaba da taurin kai, sai mu rasa goshi da gindi duka. Na ce Mamman ya kira kafinta daga Bagudo. Ranar da aka zo da zarto na tafi Kurgu gaisuwar da babu wanda ya neme ni. Da na dawo na iske abara kamar akuyar da aka guntule wa wutsiya. An toshe tsagar da auduga da kwalta, aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba.

Ran kasuwar iyaka muka sa ta ruwa, da albasa da mata masu tukwane. Gaskiya inji na da ƙarfi. Inda ni da kai muke isa da azahar, hannu duk kanta, hantsi bai yi ba muka wuce. Na zauna goshi, gora kwance bisa cinyata kamar sandar makaho. Na gwada kira tun farko, ni kaina ban ji muryata ba. Na bar kiran. Wata tsohuwa na kwalfe ruwa da ƙwarya, ita ma ta fi ni aiki.

Da muka doshi Bakin Tukunya, wurin dutsen nan da ya ci jirgin Nufawa muna samari, na hango ruwa na tafasa. Na miƙe, ban san me zan yi da bakina ba. Sai injin ya mutu. Na ɗauka lalacewa ya yi. Ashe Mamman ya kashe shi, ya jawo filafilinka daga ƙarƙashin buhuna. Na ce Gurma. Sai na ji bugu a jikin jirgi, ya biyo katako ya zo tafin ƙafata.

Yaushe ka koya mashi? Ba ka taɓa faɗa mani ba. Ni ma akwai abin da ban faɗa maka ba: duk zaman da muka yi cikin jirgi ban taɓa waiwayawa in duba ko kana nan ba. Bugun ya ishe ni. Rannan ma ban waiwaya ba, har muka fita ruwa mai kyau ya tada injinshi.

Yanzu haka muke yi. Inda kogi ke shimfiɗe inji ke magana, inda dutse yake ni ke magana. Allah Ya jiƙanka, Ya kyauta makwanci.

Ni ne mai riƙe maka goshi,
Nomau