Kufan Kan Dutse

Asabar, 4 ga Nuwamba, 2023
Yau muka gama hawo da hatsi. Tun da mutanen daji suka ƙone rumbunan ƙauyen gabas da mu, dattawa suka ce a kwashe mata da dawa a kai kufai, kan dutse, inda mutanen dauri suka zauna. Duwatsun gindin rumbu suna nan a jere, zagaye-zagaye, kamar jiya aka ɗauke rumbunan. Muka ɗora namu, suka zauna daram. Baba Labbo, ƙanen kakana, har da dariya: "Kun gani? Sun aje muna wuri." Ni ban yi dariya ba. Na ce wa Saude matata zaman rani ne kawai. Ruwan farko na sauka, gonata zan shuka.

Alhamis, 9 ga Nuwamba
Saude ta samu ramukan niƙa a jikin falalen dutse, sumul. Ta ce wadda ta yi wanga bahaguwa ce, ramin ya karkata hagu. Mata suna ta tsokanar ta wai ta samu uwar ɗaki.

Juma'a, 17 ga Nuwamba
Daga nan sama ana ganin komai. Titin Gusau, hanyar Tsafe, duwatsun Kwatarkwashi. Baba Labbo ya nuna mini wani layi a ƙasa inda ciyawa ba ta tsawo, ya ce turbar fatake ce: gishiri daga arewa, goro daga kudu, nan suke haɗuwa. Ga kashin ƙarfe tuli bayan kuka, na maƙera. Na ce, Baba, gari mai wannan arziki, mi ya tashe shi? Ya ce zaman lafiya ya sauko da su. Bai dube ni ba da ya faɗa.

Lahadi, 3 ga Disamba
Ina haƙa ramin dirka na iske toka. Cikinta ƙwayar dawa, baƙa ƙirin, ko fashewa ba ta yi ba. Na ƙara haƙawa, sai daɓe. Ƙarƙashin daɓen wata tokar, da guntun tukunya mai zanen da ban san irinsa ba. Can ƙasa kuma wata. Mutum ba ya ƙona hatsinsa da hannunsa.
Na mayar da ƙasa na taka. Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 16 ga Janairu, 2024
Na kasa daurewa, na kira Malam Yakubu, malamin tarihin da ya taɓa zuwa nan da ɗalibansa daga Gusau. Ya ce, "Mas'udu, toka hawa nawa?" Na faɗa masa. Ya ce ba lalle mutane ɗaya ba ne. Wasu su hau, su ƙare, bayan zamani wasu su zo su daɓe a kansu. Wataƙila ma ba kakanninku ba ne. Na ce to ina suka tafi? Ya ce, "Abin da muke tambaya ke nan." Ya so zuwa, hanya ba ta biyuwa.

Laraba, 14 ga Fabrairu
Hayaƙi a kudu tun hantsi. Ba na ƙunar daji ba ne.

Litinin, 4 ga Maris
Samari sun fara tada tsohuwar ganuwar da ke bakin hanyar hawa. Duwatsun na nan zube, kowane ka ɗauka sai ka ga gurbinsa. Na lura duk ciki suka faɗo, ba waje ba. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga Baba Labbo yana kallo na. Na ɗauki dutse kawai.

Asabar, 18 ga Mayu
Ruwa ya sauka jiya, mai yawa. Da sassafe na ɗauki iri da sungumi na gangara. Saude ta biyo ni har ganuwa tana cewa in bari a yi ayari. Na ce gona ba ta jira.
Sawun babura ya ratsa gonar daga kai har gindi. A tsakiya an kafa sanda da jan ƙyalle. Kowa ya san ma'anarsa: wanda ya shuka, shi ya sani. Na daɗe a tsaye. Ƙasar sai ƙamshi take.
Na komo da irina, ko kwance bakin buhun ban yi ba.

Alhamis, 6 ga Yuni
Bukka na yoyo, shi ya sa na kwaɓa ƙasa na ja ɗan bango. Ba wani gini ba ne.
Yau na leƙa gidanmu na ƙasa. Ciyawa har bakin ɗaki. Na cire ƙyauren, na ɗauko shi a ka har sama. Saude ta dube shi, ta dube ni. Na ce don kada gara ta ci shi ne.
Ta ce to. Ta riƙe mini shi na buga ƙusa.